Billen Kuncin Hagu

...a'a, ba nan ba. Baya kaɗan. Ya wuce. Gaba kuma.

Zoben saita kyamara yana juyawa a hannuna yadda ya saba, da taushi, ba ƙara. Ba laifinsa. Lens ɗin nan, idon kyamarar, ya girmi Fu'ad, ɗanmu na fari, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ƙarfe da gilashi ne, ba batir, ba wayo. Ka juya, ka gani, ka danna. Shi ke nan aikin.

Ka gani. To.

Ga ki can kan benci, Habibatu, jikin bangon ɗakin girki, inda hasken la'asar yake sauka ba zafi. Ni na zaɓi wurin. Mayafi fari, na san fari ne don ni na ga kin wanke shi jiya. Amma ta cikin kyamara, kamar mutum a bayan tururin koko. Akwai kai, akwai kafaɗa. Fuska fa?

Gobe da asuba za su kai ki asibiti. Za su buɗe cikin. Likitan ya yi ta magana, rabi Turanci rabi Twi, yaren garin nan, yana kallon takarda, ba ya kallonmu. Na gane abin da bai faɗa ba. Ke ma kin gane, don a trotro, motar haya, muna wuce kasuwar Kejetia kika ce, "Baban Fu'ad, ka ɗauke ni hoto. Wanda za a sa a fosta ranar addu'a."

Na ce bakinki ya sari ɗanyen kashi. Kika yi dariya.

Fostar mamaci. Na ɗauki rabin mutanen da fuskarsu ke manne a bangon zangon nan, ruwa yana cin su, akuya tana yagar gindinsu. Yanzu ke.

Basiratu, jikarki, ta ɗauke ki a waya sau nawa? Kika ture wayar. "Wannan ba ɗauka take ba, wanki take, ta goge wa mutum kamanninsa." Kin auri mai hoto tun kina yarinya, kuma ba ki da hoto ɗaya na kirki a gidan nan. Laifin wa? Duk lokacin da na ɗaga kyamara sai ki kau da kai, ki ba ni kuncin dama, ki ja mayafi kan na hagu...

Juya. A hankali.

A tsakiyar abin leƙawa akwai ɗan zagaye, an raba shi biyu, sama da ƙasa. In ka ɗora shi kan layi miƙaƙƙe sai layin ya karye, rabi ya zame nan, rabi can. Ka yi ta juya zobe har su haɗu su zama ɗaya. Sun haɗu, hoto ya fito ras. Ba su haɗu ba, ka ɓata fim. Wofa Kwaku, wanda ya koya mini aikin, ranƙwashi yake yi mini a ƙeya. "Hwɛ yie! Duba da kyau, nemi layi!" Shi kwalar riga yake nema, ko gefen nektai. Mutanensa masu kwat ne.

Namu fa? Babbar riga ba layi, duk lanƙwasa. Ni na samo nawa layin da kaina — tsaga. Fuskar mutanenmu a rubuce take. Mosi da nasa zanen, Bazabarme da nasa, Bagobiri kuwa ka zaɓi wanda kake so. Mahautan mayanka, masu shanu, 'yan goro... kafin mutum ya gyara hula na haɗa tsagarsa na danna. Ana cewa Sanni mai hoto hannunsa da sauri. Ba hannu ba ne. Iyayensu ne suka yi mini rabin aikin da aska.

Yaran yanzu fuska sumul kamar ƙwai. Ba inda za ka kama.

Ke kuma naki guda ɗaya. Bille, daga gefen hanci ya gangara kuncin hagu. Ranar da na fara ganinki a bayan tukunyar wakye, shinkafa da wake, ta innarki, shi na fara gani. Ke kuwa kin tsane shi. 'Yan matan kasuwa sun kira ki da sunan da suke kiran 'yan arewa, suna jan yatsa a kumatunsu, kina ƙarama — ba ki manta ba har kika yi jika. Hoda kan hoda. Ban taɓa ce miki ina son sa ba. Me ya sa? Ba a faɗin irin wannan. Ni dai ban iya ba.

Hadari yana haɗowa ta wajen unguwar Tafo. Hasken zai tafi.

Idon dama ne ya fara. Kamar an huro numfashi a gilashi. Na goge lens, na goge madubi, na kwance komai na mayar, ashe hazon a kaina yake. Na koma leƙawa da na hagu. Bana shi ma ya bi ɗan'uwansa. Yanar ido ce, na sani, na ga yadda ta yi wa mahaifina. Hotunan sunan ɗan maƙwabcinmu Sheriff duk sun fito dishi-dishi, na ce fim ne ya kwana. Aka yarda. Wa ya san fim yanzu da zai yi mini gardama?

Ba wanda na gaya wa. Ke ma. Da wane bakin? Kina fama da naki cikin, kina juyi kan tabarma kina cije leɓe, sai in zo in ce miki mai hoto ya makance?

Kuma wannan ba waya ba ce da za a duba a ce a sake. Fim sai ya je Accra a wanke shi, ya dawo bayan makonni. Kafin nan an riga an... In ya fito hazo fa? In abin da ya rage mini na fuskarki shi ne wannan tururin, farin mayafi ba kowa a ciki? Su Fu'ad su sa na waya a fosta, wanda ta goge kamanninki. Mutane su tsaya su ce wace ce wannan.

Akwai lambobi a jikin zoben, na nisa. Da can ko a duhu sai in ƙiyasta in danna. Yanzu lambobin ma sun narke. Kuma hasken nan ba ya yafiya, sai na buɗe lens ɗin gaba ɗaya, in ya buɗe haka kuwa kuskuren faɗin yatsa ya isa — hanci ya fito, ido ya ɓace.

Gefen mayafi? Fari kan farin bango. Wa ya ce in zaɓi bangon nan? Ni.

Gwiwata. Bayana. Tsohon banza. Riƙe numfashi.

Tsaya.

Mene ne wancan?

Layi. Baƙi wuluk, a tsakiyar hazon, a karye gida biyu. Rabi nan, rabi can. Kin juyo mini da hagu. Kin janye mayafin. Amma billenki ya daɗe da dusashewa, tsufa ya haɗiye shi cikin tamoji, ko da idona garau sai na matso nake ganinsa. Wannan baƙin daga ina?

Ɗazu kin daɗe a ɗaki. Na yi ta faɗa, rana tana tafiya. Na ji ƙarar ɗan tandun kwalli kan faranti, na ce mata dai, gobe asibiti yau kwalliya...

Ba a ido kika sa ba.

Kin bi shi da kwalli, tun daga hanci har ƙasa. Abin da kika ɓoye wa duniya shekara da shekaru.

Tun yaushe, Habibatu? Kofin shayi da kike sa mini a hannu maimakon ki ajiye a ƙasa. Bokitin da ya bar bakin ƙofa. A tasha kina karanta sunan unguwar da ke jikin mota da ƙarfi, Oforikrom, Tafo, kamar da kanki kike magana. Ni ina can ina ɓoyewa, ina jin na iya...

"Baban Fu'ad, wuyana ya gaji. Ko sai ka kira wani mai hoton?"

In na buɗe baki kyamarar za ta motsa.

Juya. Rabin sama yana tahowa. Yana tahowa... ya wuce. Baya. Kaɗan. Ga ɗigon ruwan sama na farko kan kwanon rufi, ga na biyu. Rabi da rabin sun haɗu? Kamar sun haɗu. Yanzu kuma wani ruwan ne ya cika idon, ba na yana ba, kuma ba hannun da zan goge, ɗaya na kan zobe, ɗaya na kan maɓalli.

Kada ki motsa. Don Allah kada ki motsa tukuna.