An Sauya wa Shaba Maɓallai

"Sake dannawa mana," in ji Madam Helen, tana duba agogon hannunta.

Shaba ya sake dannawa. Muryar da ke karanta masa abin da ke fuskar kwamfuta ta faɗi wani abu da Turanci, na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ina tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu, don shagon ɗinkina bango ɗaya ne da nasa, gidajenmu ma layi ɗaya suke a nan Kontagora.

Rubuta manhaja ita ce sana'ar Shaba. Shi ya haɗa wadda makarantu da dama ke fitar da sakamakon ɗalibai da ita, har Rijau da Bangi. Shekara biyu da suka wuce ciwon suga ya cinye masa ido. Kowa ya ce tasa ta ƙare, amma bai ajiye aiki ba. Ya cire linzamin kwamfutar ya jefa a durowa, ya koma kibod zalla. Ya taɓa nuna mini yadda yake yawo cikin rubutunsa. Kontrol da P ya kira fayil da sunansa, Kontrol da G ya dira kan layin da yake so ko da na dubu uku ne, F12 kuma ta kai shi inda aka fara bayyana kowane umarni. Yanke yake kiransu. Ya ce mai ido ya bi titi, shi lungu ya sani.

Ran nan lungun ya ɓace masa. Madam Helen mai makaranta ce, ta zo a gyara mata kuskure ɗaya a makin ɗalibai kafin ranar ba da sakamako. Shaba ya danna F12, sai layin ya goge. Ya danna Kontrol da Z don ya dawo da shi, sai fayil ɗin ya rufe. Duk abin da ya taɓa sai ya yi wani abu daban.

Khalilu, abokin sana'arsa da ke zuwa makarantu nemo musu aiki, ya dafa masa kafaɗa. Ya rage murya, amma yadda Shaba zai ji, ya gaya wa Madam ta yi haƙuri, ciwon ne ya fara taɓa kai, sun jima suna rufawa. Ya buɗe tasa kwamfutar ya gyara kuskuren cikin minti biyar. Da za ta tafi ta ce daga yau Khalilu za ta riƙa kira.

Ni na san abin da ya faru. Da Azahar, kafin Madam ta zo, na ja Shaba zuwa masallaci, na dawo ɗaukar hulata, na tarar da Khalilu zaune a kujerar Shaba yana danne-danne. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya ce wasa yake masa, aikin maɓallan kawai ya jujjuya. Khalilu ne ke kawo mini ɗinkin yunifom na makarantu huɗu. Na ɗauki hulata na koma.

Da La'asar sakaliya Shaba ya ƙwanƙwasa bango, na shiga. Yatsansa na kan kibod.

"Umar, don Allah duba mini. Nan ce F12?"

"Ita ce."

Ya ɗauke yatsansa. "To ba hannuna ba ne. Kaina ne."

Na ce Allah ya sauwaƙe. Na kama hannunsa na kai shi gida.

Bai sake zuwa shago ba. Matarsa Asibi ta gaya wa tawa cewa yana wuni a ɗaki yana karanta surori, yana sa ta saurara ko ya tsallake aya. In ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya sai ya fara daga farko. Ya daina kula da allurarsa ta suga, abinci ma sai ta yi da gaske. Sau biyu ina zuwa gaishe shi da maganar a bakina, sau biyu muna hirar damina in fito. Na yanke cewa ranar Juma'a zan gaya masa.

Ranar Laraba ya suma a banɗaki, aka kai shi asibiti. Da hantsin Alhamis ya cika.

A wurin zaman makoki babu wanda ya kai Khalilu hawaye. Bayan sadakar uku ya zo ɗaukar kwamfutar, ya ce aikin makarantu ne a ciki. Na tare shi a bakin shago na ce mutumin nan ya mutu yana ganin hankalinsa ya gushe.

Ya dube ni, ya gyara riƙon jakar. "Ai da ka gaya masa, Malam Umar. Kai ma kana da baki." Ya hau babur, ya ce yadin yunifom zai iso ranar Litinin.

Washegari mai fenti ya zo ya jingina tsani a jikin allon shagon. Ya shafa fari sau ɗaya, amma sunan Shaba bai ɓoyu duka ba. Ya sauko ya zauna a kan bencina yana ɓare gyaɗa, yana jira ya bushe ya ƙara shafi na biyu.