Gonar Masara a Kan Kek

"Masara ba ta 'ya'ya a ka, Maman Seun," na ce mata. "Wannan ai dawa kika yi."

Ta ɗago daga kan kek ɗin ta harare ni. A Funtua aka haife ta, a nan Malumfashi ta yi aure, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, amma ko fartanya ba ta taɓa riƙewa ba. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma duk unguwar babu mai gasa kek irin nata.

Ni na kai mata aikin. Malam Talha, abokin aikinmu a firamare, ya samu aikin malamin gona a Dandume, muka shirya masa walimar sallama ranar Alhamis. Malamai suka ce a zana allo da alli a kan kek ɗin, ita kuwa ta ƙi. Wai mai tafiya inda ya dosa ake nuna masa, ba inda ya baro ba. Sai ta barbaɗa garin koko ya zama ƙasa, ta ja kunyoyi da cokali mai yatsu, ta rina kwakwa ta zama ciyawa, ta murza kwaɓin sukari ta jera karan masara.

Na nuna mata yadda masara take goyo a kwiɓi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ashe masara ma uwa ce. A zaune take aikin, ƙafafunta a kumbure, don tun damina zuciyarta ke ba ta wahala. Na ce ta bar shi haka, ta ce in ba ta wuri, surutuna ya fi ciwon damunta.

Ranar Laraba da hantsi ina aji aka aiko mini cewa ta rasu. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Na yi kuka ba kaɗan ba. Washegari da na tuna da kek ɗin sai na ji haushin kaina. Yana can cikin firij, gida cike da masu ta'aziyya. Da wane ido zan shiga gidan makoki in fito da tiren walima? Na yanke shawarar yin shiru. Amma abin ya tsaya mini a rai, aikinta na ƙarshe ya lalace a rufe, ga wutar lantarkinmu ba ta da alkawari.

Ina shirin fita makaranta aka ce mijinta, Alhaji Ganiyu, yana sallama. Na tarar da shi a zaure riƙe da tiren, an lulluɓe da sabon ɗankwali.

"Malama Sakinatu," ya ce, "ba ta taɓa saɓa wa mai aiki rana ba. Kada mu fara mata yau."

A cinya na rungume shi cikin keke napep, ina roƙon direban ya kauce wa ramuka. Da aka buɗe a ofishin malamai, sai kowa ya matso. Ashe bayan fitata ta cire duk kawunan nan, ta ɗora wa kowane kara goyonsa, har da gemu. Malam Talha, mutumin da ba ya rabo da barkwanci, ya daɗe yana kallo. An miƙa masa wuƙa, ya karɓa, ya ajiye.

"Ba a nan za a yanka ba," ya ce. "Mai gona ake fara kai wa amfani."

Ana tashi daga makaranta muka ɗunguma gidan makokin. Na ji tsoron abin da mutane za su ce, sai ga liman da kansa ya ce ai sadaka ce, a raba. Ya yi mata addu'a, ya haɗa da Malam Talha, Allah ya sa Dandume ta karɓe shi. Aka yanka ƙanana, aka kai wa mata ciki, sauran ya zagaya tabarmin maza. Har aka ɗan taɓa raha, kowa na faɗin bikin da ta yi masa kek.

Alhaji Ganiyu, wanda tun jiya ruwa kawai yake sha, ya ɗauki nasa ya ci a hankali, kansa a sunkuye. Tiren yana gabansa. Can sai ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.