Wa'adin Kwana Bakwai

Da yatsu biyu Inna Tambaya ta ɗaga abin, kamar ta tsinci mataccen ɓera a rumbu. Robar da nake rufe hanci da ita tana lilo a hannunta, dogon tiyon yana jan ƙasa.

"Wanga shi na maganin?" ta tambaye ni.

"Shi na, Inna."

"Yau kwana nawa?"

"Bakwai."

Sai hamma ta taso mini. Wallahi na yi ƙoƙarin haɗiye ta, na cije leɓe, amma ta fi ƙarfina. A gaban uwar mijina, wadda ta taso tun daga Kebbe a bayan babur don kawai ta ga ko na warke, na wage baki har da hawaye. Ta saki robar a kan gado, ta goge yatsunta da gefen mayafi.

Wata huɗu ke nan 'yata Hamdiya tana hannunta. Wata Laraba da hantsi ina kan keken ɗinki, ƙafata a kan feda, barci ya sace ni. Yarinyar ta jawo kwanon kunu mai zafi ya zube mata a hannu. Ko kukanta ban ji ba, maƙwabciyarmu ce ta ji ta shigo a guje. Washegari Inna ta iso Tambuwal ta ce lokacin yaye ya yi. Kowa ya san al'ada, yaro kan yi sati ɗaya ko biyu wurin kakarsa, ya manta nono, a dawo da shi. Tawa aka tafi da ita, aka yi shiru.

Ban musa ba na yi laifi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne sunan da aka ba laifin. Raguwa. Mai barcin asara. A gidan biki mata kan kwaikwayi minsharina su tafa, wai mace ce take ƙara kamar injin niƙa. Ba wadda ta taɓa tambayar yadda aka yi mutum ya kwanta tun bayan isha'i ya tashi da ciwon kai kamar ya kwana noma.

Mijina Abdulhamidu, malamin firamare a Jabo, shi ya lura numfashina kan ɗauke in ina barci, har sai ya girgiza ni. Ya kai ni asibiti a Sakkwato, aka kwantar da ni da wayoyi a jiki. Likita ta ce maƙogwarona ke rufewa, fiye da sau talatin a awa guda, jikina yana farkawa ba tare da na sani ba. Ta ce na yi shekaru ina kwanciya, ba na barci. Yayana Musbahu ya samo na'urar da ta rubuta, CPAP, mai hura iska ta hanci don kada hanyar ta toshe, ya haɗa mana ita da batirin sola. Na tambayi likita yaushe gajiyar za ta tafi. Ta ce wasu a kwanaki kaɗan suke jin sauƙi, wasu sai wata guda, wasu biyu ko fiye. Gajiyar shekaru ce, kada in cire, kada in yi fashi.

Inna kuwa nata lissafin daban. A wurinta duk magani, jiƙo ne, hayaƙi ne ko rubutu, kwana uku ne ko bakwai. Wanda ya wuce haka bai karɓi mutum ba, sai a sake wani.

"Ko nagge aka ba jiƙo, kwana bakwai ana ganin alama," in ji ta. "Ke ga ki nan kina hamma awa jiya. Can Kebbe dut an ɗauka, wai matar yaron ga tana kwana da takunkumi awa maraƙin da aka hana ma nono. Wasu cewa sukai kin kusa, iskar 'yan mutuwa aka sa maki."

Abdulhamidu yana tsugune a bakin ƙofa, ya ƙura wa takalminsa ido.

"Ki aje wagga tsiya ki biyo ni," Inna ta ci gaba, muryarta ta yi laushi. "Iska na, aljani ka danne ki. A yi maki hayaƙi kwana bakwai, ki ɗauko ɗiyarki ki dawo. Yau ɗin ga sai ki kwana da ita."

Yau ɗin nan. Na ji ƙamshin kan yarinyar kamar tana cinyata. Ba abin da ya rage sai in ɗauki mayafi. Amma na san matar da za ta dawo daga Kebbe da goyo, ita ce dai wadda ta yi barci a kan keke.

"Inna, ki gafarce ni, ba ni cirewa."

"Mi kic ce?"

"Ba ni cirewa. Ran da niw warke, ni da kaina nika zuwa in ɗauko ta."

Ta kalle ni, ta kalli ɗanta, ɗan nata bai ɗago ba. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba.

* * *

Kada wani ya ce maka abin da daɗi. Robar ta kwanta mini a fuska ta bar shaida, hancina ya bushe, iska kan zille ta gefe ta hura mini ido. Mata suka yi ta zuwa dubiya, dubiyar da ido ke kan gado ba kan mara lafiya ba. Da na gaji, sai na riƙa ɗauko na'urar da kaina in ajiye musu a tsakar ɗaki, in ce su kalla da kyau, kada su kai labari rabi.

A sati na uku hadari ya rufe rana kwana biyu, batir ya mutu, ciwon kai ya dawo sabo. Daga ranar na cire fanka da talabijin daga layin, na ɓoye cajar wayar maigida a cikin buhun gero. Ya caja a makaranta.

Wata safiya yana ɗaure littattafai a bayan babur ya ce, "Safiyyatu, da kin yi ma Inna biyayya. Kwana bakwai na fa kawai. In kin dawo sai ki ci gaba."

"Malam, wa ka girgiza ni in numfashina ya tsaya? Kai ko Inna?"

"Uwata ta."

"Ni ma uwar wata ta."

Ya tayar da babur ya tafi. Da yamma ya dawo da man shafawa na hanci, ya ajiye mini a kan keke. Haka yake, kirkinsa ba ya da baki, kuma na ji haushinsa ƙwarai.

Sauƙin bai yi sallama ba. Sati na huɗu na daina tashi da ciwon kai, amma la'asar na yi sai jiki ya mutu. Sati na biyar na yi girki ban zauna ba. Sai wata Asabar a sati na shida, ina kan keke na ji kiran sallar azahar. Na duba gefena, riguna uku a ninke, na gama su tun safe, ban gyangyaɗa ko sau ɗaya ba. Na zauna ina jin kukan kaji, ina jin sallamar mai kalanzir a waje, komai tar. Sai na fashe da kuka. Ba na murna ba ne, na takaici ne. Ashe haka sauran mutane suke rayuwa, suke kuma zagina.

Na ƙara sati guda don in tabbatar. Sannan na ce wa Abdulhamidu ko ya kai ni Kebbe, ko in hau kabu-kabu gari ya gani.

* * *

Shi ya kai ni. Ruwa ya cinye hanya, sau biyu muna sauka muna tura babur. Mun tarar da Inna a tsakar gida tana dama fura. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata.

"Kin aje abin?" ta ce.

"Ban aje ba, Inna. Yana ɗakina, yau ma da shi nika kwana. Na zo ɗaukar Hamdiya."

Ta daɗe tana duban idona, tana jiran hamma. Na bar ta ta duba iya son ranta. Ludayi ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Wata shida nika rainonta," ta ce a hankali. "Ko ƙwarzane ba ta yi ba."

"Na sani. Allah shi saka. Yayen ya isa."

Sai ga Hamdiya ta fito daga bayan rumbu. Ta yi tsawo, an yi mata kitso irin na can. Na buɗe hannu na kira sunanta. Ta tsaya, ta kalle ni kallon da yara ke yi wa mai allurar rigakafi, ta ruga ta shige bayan zanen kakarta.

Ni na ɓamɓare yatsunta daga zanen, ɗaya bayan ɗaya. Na goya ta tana shure-shure, na ɗaure majanyi tamau. Inna ba ta hana ba, ta juya mana baya kawai. Tun daga Kebbe yarinyar take kiran Inna, har muryarta ta dishe kafin mu ga rufin gidajen Tambuwal.

A gida na sauke ta, na dama mata koko, na miƙa. Ta kauce. Ta taka ta je bakin zaure ta tsaya, hannunta ɗaya a jikin ƙyaure, fuskarta wajen hanya. Rana ta yi sanyi, kokon ya yi fata a kofi. Na zauna a kan turmi ina kallon ƙeyarta, idona biyu.