Tattabarun Malam Abduljalil

Ranar da aka shafa alamar rusau a bangon gidan Malam Abduljalil da ke unguwar Karantina a Jidda, littattafansa ba su dame shi ba, domin kwalaye sun ishe su. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne tattabarun da yake kiwo a saman gidan tun marigayiya matarsa tana raye. Ɗakin da ɗiyarsa Naja'atu ta kama musu a Aziziyya yana tsakiyar bene, mai gidan kuma ya ce bai yarda da ko gashin tsuntsu ba.

Sai ya zuba su a kwando ya nufi Balad, tsohuwar unguwar Jidda, wajen abokinsa Thamer, wanda yake kiwon tattabaru a saman wani gida na dutsen teku mai tagogin katako.

Thamer ya ɗaga ɗaya, ya buɗe fiffikenta, ya jawo zare.

"Me za ka yi mata?" in ji Malam.

"Ɗaurewa, ya Hajj. Baƙuwar tattabara sai an ɗaure ta har ta yi ƙwai, sannan ta san nan ne gida."

"Halittar da Allah ya ba fiffike, ni ba zan sa a ɗaure ta ba."

Thamer ya yi dariya. "Ka koya mini alwala, na bi ka. Yau kuma tattabara za ka koya mini? Su ba su san ana rusau ba."

"Ka ba su hatsi da ruwa, za su zauna. Ka yi mini alkawari."

"Halas, shi ke nan. Naka ne."

Tattabarun sun yi kwanaki a kulle. Ranar da Thamer ya buɗe musu, suka kewaya hasumiyar masallacin unguwa, suka miƙa kudu wajen Karantina, babu wadda ta dawo.

Labarin ya hana Malam sukuni. Ya sha karantar da mutane cewa duk wanda ya riƙe dabba za a tambaye shi cinta da shanta ranar hisabi. Ga zafin Jidda, ga shi ya san babu famfo ko guda da ya rage a Karantina.

Washegari ya ɗauki jarkar ruwa da kwano da dawa, ya hau mota. Ya tarar da fili fetal, an kewaye shi da kwanon rufi. Mai gadi, wani mai suna Abdulelah, ya tare shi.

"Ina zuwa, ya Ammi, baffana? Babu kowa a ciki."

"Akwai nawa a ciki, ɗana."

Da ya ji bayani, ya daɗe yana kallon jarkar, sannan ya ja ƙofa. "Yalla, shiga. Amma kafin azahar ka fito, kada ka ja mini magana."

Babu lungu, babu masallaci, babu abin da zai gane gidansa da shi. Ya yi ta tafiya a kan ɓaraguzai yana fito irin wanda yake kiransu da shi. Can sai wata fara ta taso daga ƙarƙashin wani karyayyen siminti, wasu biyu suka biyo ta, bakunansu a buɗe. Ya zuba ruwa. Suka sha har ya kama su ba su motsa ba. A gefen simintin ya ga gashin wasu, da sawun kyanwa. Ya yi salati a hankali, ya nemi gafarar Ubangijinsa.

Ya ci gaba da kira har leɓɓansa suka bushe, yana duban sama ko sauran za su ɓullo. Daga nesa aka soma kiran salla, mai gadi yana ɗaga masa hannu.

Ya juye sauran ruwan a kwanon, ya tura shi cikin ɗan inuwar simintin, ko da yake ya san rana za ta shanye shi kafin la'asar. Sannan ya rungume ukun a cikin rigarsa, ya nufi ƙofa, yana tafe yana waiwaye.