Ƙudan da Ya Kai Rabin Nama

Kwana bakwai naman nan ya yi a ofishinmu, cikin wata farar roba mai murfi, kuma ni aka ɗora wa aikin kallonsa.

A lokacin ina cikin watana na uku na aikin gwaji a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa gem na waya. Aikina shi ne zana 'yan hotunan kayan da ɗan wasa ke tsinta ya zuba a jakarsa, irin su wuƙa, igiya, gorar ruwa, ashana da nama. Kowane hoto in ya fito a fuskar waya bai fi farcen babban yatsa ba. A gem ɗin, mutum ne jirginsa ya nutse ya tsira a wani tsibiri, yana neman abin da zai sa a bakinsa. In ya ci nama mai kyau ƙarfinsa ya dawo, in ya ci ruɓaɓɓe ya mutu, sai ka koma farko.

Mai kamfanin, wanda a bayan idonsa muke ce wa Zahiri, yana da doka guda: ba a zana komai daga ka. Sai an kawo ainihin abin an ajiye a wani tebur kusa da taga, wanda ya raɗa wa suna teburin gaskiya, ka zauna ka zura masa ido kana zanawa. Da wuƙa da igiya ban damu ba. Da muka iso kan ruɓaɓɓen nama na ɗauka zai yi sassauci. Ina! Bawan Allahn nan da ƙafarsa ya je wurin mahauci ya sayo tsoka, ya hana kowa sa ta a firji.

Kwana na biyu ta yi duhu tana yauƙi. Kwana na uku wani ruwa-ruwa ya taru a gindin robar, gefen tsokar ya fara kore. Kwana na huɗu da na ɗaga murfin sai na ga abin yana motsi, fararen tsutsotsi sun yi cincirindo a jikin kitsen. Da gudu na kai banɗaki. Dogo, mai haɗa mana gem ɗin a kwamfuta, ya kwashe kayansa ya koma baranda, ya ce shi iyayensa na son abinsu. Ni kuwa ina nan zaune, na naɗe hanci da mayafi, ina zana kowace jijiya da kowane ɗigon yauƙi.

A babban allon kwamfuta hoton ya fito, har Zahiri ya tafa hannu. A fuskar waya kuwa, da mai kyan da ruɓaɓɓen duk sun zama dunƙule biyu masu ruwan ƙasa. Ranar Talata aka kawo mutum goma su gwada gem ɗin, takwas suka cinye ruɓaɓɓen suka mutu. Ɗaya ya ture wayar ya ce raina masa hankali ake yi.

Zahiri ya kira ni, a gefen robar kuwa, don shi hancinsa kamar na aro ne.

"Alhamis za a sake gwaji," ya ce. "In suka ƙara ci, zan sayi hotunan da ake sayarwa a shirye. Ke kuma wata ukunki sun cika, mun gode."

Shekara uku na yi a gida da takardar gama makaranta kafin in samu wannan aikin, kuma Umma ta riga ta gaya wa duk maƙwabta cewa 'yarta na aikin kwamfuta. Da wannan tunanin na koma gida da yamma. Ina shiga Umma ta yamutsa fuska.

"Ke, mushe kika taka?"

Na ba ta labari, na miƙa mata wayar. "Umma, cikin biyun nan wanne za ki dafa?"

Ta nesanta wayar da idonta, ta matso da ita. "Nama ne wannan? Ni na ɗauka duwatsu ne."

"To ke ta yaya kike gane naman da ya lalace?"

"Da hanci mana, sai ka ce ba a gidan nan kika girma ba."

"Waya ba ta da wari, Umma."

"To in ina tsallaken titi hancina bai kai ba, ƙuda nake dubawa. Teburin da na ga ƙuda ya yi masa baƙi, ko rage tafiya ba na yi. Tashi ki yi wanka, don Allah, kin cika min ɗaki."

Washegari ban ko kalli robar ba. Na goge jijiyoyin da yauƙin da na sha wahala a kansu, na bar tsokar a fili, na shafa mata kore. A kanta na ɗora ƙuda guda ɗaya, ƙato, mai jajayen idanu, ya kai rabin naman. Na roƙi Dogo ya saka shi a gem ɗin ba tare da ya nuna wa kowa ba.

Sai da safiyar Alhamis Zahiri ya gani, masu gwaji na bakin ƙofa.

"Wannan ƙuda ne ko tattabara? A ina kika taɓa ganin ƙuda mai girman nan?"

"Yallaɓai, a waya ne za a gan shi."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, mutane suka fara shigowa, dole ya haɗiye. Na tsaya a bayansu ina kallo. Cikin mutum goman da aka kawo, ko ɗaya bai ci ruɓaɓɓen naman ba. Wata ma tana ganin hoton ta ce "tir", ta jefar da shi daga jakar tana goge yatsanta a riga.

Da suka watse, Zahiri ya tara mu yana murmushi har kunne.

"Kun ga amfanin teburin gaskiya? Da ban bar naman nan ya ruɓe ba, ina za ta tuna da ƙuda?"

Na kalli Dogo, Dogo ya kalli silin. Wallahi a lokacin ban san wanda ya fi tayar min da zuciya ba, tsakanin robar da mai robar.

Ya ajiye min takardar ɗauka aiki na dindindin a kan teburin, dab da robar, ya ɗora biro. Ya ce daga yau nan ne wurin zamana, tunda akwai ruɓaɓɓen kifi a jerin kayan mako mai zuwa, da bandejin da aka cire daga gyambo.

"Sannan kada ki ɗauka ban lura ba, ƙudan nan daga ka kika zana shi. Doka doka ce. Dogo, buɗe taga, ka cire murfin nan, su shigo ta ga na gaske."

Na tuna fuskar Umma, na tuna shekara ukun nan. Da hannu ɗaya na toshe hanci, da ɗayan na sa hannu a takardar. Kafin in ajiye biron, ƙuda na farko ya taso daga kan naman ya sauka a kan sunana, yana murza ƙafafu. Ko ƙwayar wake bai kai ba.