Jinginar da Mma Safura Take Karɓa

Gado mutum ne da bai taɓa shiga ofis da sanyin jiki ba. Ranar da ya je banki ma haka ya shiga, takalmi na sheƙi, fayil a hammata, kai ka ce shi aka turo ya binciki ma'aikatan. Riyal dubu takwas yake nema. Wani kamfanin motocin haya ya yarda ya ba shi mota ya ja har a gama Gasar Kofin Duniya, in dai ya ajiye wannan kuɗin kafin ƙarshen Oktoba. Kowa a Doha ya san abin da ke tafe. Baƙi za su cika gari maƙil, duk mai sitiyari a hannu kakarsa ta yanke saƙa.

Ma'aikaciyar bankin ta duba kwamfuta, ta yi murmushin da ake koya musu, ta ce albashi bai shiga asusunsa ba tun shekara biyu da suka wuce. Ko fayil ɗin ba ta buɗe ba.

Gaskiyarta kuwa. Gadi yake yi a filin jirgin sama a ƙarƙashin wani kamfanin tsaro, har korona ta zo, jirage suka kwanta, aka sallame su. Tun daga nan sai buga-buga: wankin mota, kai abinci a babur, dako a kasuwa. Duk kuɗin hannu ne, banki bai san da su ba. Innarsa ma a Kazaure ba ta san da su ba. Ranar da ya bar aiki ya ɗauki hotuna kusan talatin cikin kakinsa, a kusurwoyi daban-daban, kowane wata sai ya tura mata ɗaya tare da ɗan abin da ya tara. Kiran bidiyo kuwa ya daina, ya ce sabis ɗin unguwarsu ba kyau.

A ɗakinsu na Fereej Abdel Aziz su shida ne, kuma mai gadon da ke saman nasa shi ne Issifu, ɗan Zangon Kumasi, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da ya ji labarin banki sai ya leƙo da kai ƙasa yana dariya.

"Ɗan'uwa, banki ai na mai kuɗi ne. Jumma'a mu je wurin Mma Safura. Ita ke riƙe da susu namu, abin da kuke cewa adashi. Ba ta karɓar kuɗin ruwa."

"To me take karɓa?"

"Ka je ka gani."

Bayan an sauko daga masallaci suka nufi Bin Omran. Gado ya sake goge takalmin nan, ya ɗauki fayil ɗinsa. Mma Safura dattijuwa ce mai jiki, ta fi shekara ashirin a Doha tare da mijinta direba, kuma duk Jumma'a falonta cike yake da 'yan Zango da 'yan Najeriya masu cin shinkafa da wake da baƙin yajinta. Mutum sittin ke zubi a hannunta, daga asusun nan kuma ake ranta wa wanda ta kama shi. Ta sa aka zubo wa Gado abinci kafin ta tambayi sunansa. Ya miƙa mata fayil da hannu biyu, ta karɓa, ta yi fifita da shi.

Ya yi bayani kamar yadda ya iya, dalla-dalla: kuɗin mota, kuɗin mai, abin da zai samu a rana, ranar da zai biya. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

"Lissafinka ya yi kyau, ɗana. Issifu ya tsaya maka, shi ma ya yi. Saura abu ɗaya. Ba ni lambar uwarka."

Cokalin ya tsaya masa a hannu.

"Ni haka nake yi," ta ce. "Takarda ba ta jin kunya. Zan kira uwarka, in gaya mata nawa ka karɓa, don me, yaushe za ka biya. Kuɗin mutane ne, ba nawa ba. Shekara goma sha biyar, wanda uwarsa ta ji bai taɓa gudu ba."

Gado ya ce ga agogonsa, ga wayarsa, ga ma takardar filinsa na gida a cikin fayil. Ta ce ita ba ta sayar da agogo. Ya ce Inna tsohuwa ce, ba a son tayar mata da hankali. Ta ce ita ma tsohuwa ce, ga ta nan daram. Daga nan wata magana ta zo masa har bakin leɓe, ya ce Inna ta rasu, a wuce wurin. Kunyar kansa ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ko ranar da aka karɓe masa kaki. Matar da ke raye tana yi masa addu'a kowace asuba zai binne da bakinsa saboda mota?

Ya ajiye cokali, ya gyara zama.

"Kira ta, Mma. Amma ki bar ni in fara magana."

"Yalla, bismilla," ta ce, ta miƙo masa wayarta.

Ƙanwarsa Mero ce ta ɗauka. Ta yi turus da ta ga fuskarsa a bidiyo, sannan hoton ya yi ta rawa, ƙasa, bango, akuya, har ya tsaya a kan Inna tana zaune a tabarma da faifai a cinya. Gado ya gaishe ta, bai jira gaisuwar ta yi tsawo ba. Ya gaya mata an sallame shi tun korona. Ya gaya mata wankin mota da dako. Ya gaya mata hotunan duk na rana ɗaya ne.

Inna ta ture faifan gefe.

"Yo ai na sani."

"Kin sani, Inna?"

"Ƙurjin nan na haɓarka. Wata na fari yana nan, wata na biyu yana nan, bai girma ba, bai fashe ba. Har na karɓo maka magani wurin wanzami. Da aka kai wata na biyar na ce wa Mero, wannan ba ciwo ba ne, hoto ne."

Issifu ya toshe baki da hula. Mma Safura kuwa ba ta ɓoye tata dariyar ba, har kujera na motsi.

"To me ya hana ki yi magana?" in ji Gado, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wanda ya lulluɓa da mayafi, uwarsa ce za ta yaye masa? Na ga kana aiko da abin da ka samu, na san ba ka zauna ba. Jira nake ka gaji."

Mma Safura ta karɓi wayar, suka gaisa irin ta manya, da tambayar gida da jikoki da damina, kamar sun shekara da sanin juna. Sannan ta faɗi abin da ta saba faɗa: riyal dubu takwas, don mota, biya kafin ƙarshen Janairu, ba ƙarin ko kwabo.

"Na ji, Hajiya, na shaida," in ji Inna. "Ki ba shi. Ubansa bai mutu da bashin kowa ba, shi ma ba zai fara ba."

"Kalas, magana ta ƙare," in ji Mma Safura. Ta aika aka ɗauko jakarta daga ɗaki.

Gado ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau. Motar ta samu, amma ba ita ce ta sauke masa nauyin ba, shi ma ya san haka. Ya miƙa hannu zai yi sallama ya kashe wayar, don kada a cinye wa Mma Safura kati.

"Tsaya," in ji Inna. "Matso da fuskarka. Shekara biyu hoto nake kallo."

Ya matso. Ta daɗe tana dubansa, ta kawo idonta dab da gilashin har goshinta kaɗai ake gani.

"Ka rame. Wancan abincin naka ne?"

"Nawa ne, Inna."

"To ci ina gani."

Mma Safura ta jingina wayar da fayil ɗin nan nasa, ta ƙara masa nama biyu. Gado ya ɗauki cokali. Yajin da zafi, shi ya sa yake ta share ido, kuma babu wanda ya ce masa ba haka ba ne. Inna ba ta kashe ba sai da ta ga ƙasan kwanon.