Ƙuri'a Ɗaya ta 'Yan Kore

Zenzi ta ja labulen rumfar zaɓe, biro a hannunta. A waje Engelbert, magajin gari, yana tari kusa da akwati.

Mutumin nan shi ya buɗe hanya da tarakta bara, ranar da dusar ƙanƙara ta toshe kwari, har aka kai mijinta Luis makabarta. Shi ke yankar mata ciyawar shanu. Tun tana amarya jam'iyyarsa gidansu ke yi, kuma Zenzi ba ta cin alherin mutum ta manta.

To amma jiya 'yarta Irmgard ta bugo daga Vienna. Malamar tattalin arziki ce, 'yar majalisa a jam'iyyar masu kare muhalli, waɗanda muke kira 'yan kore, kuma bana kujerarta na lilo.

"Mama, ko na faɗi na gode. Duk zaɓe sai na duba sakamakon ƙauyenmu, in ga ɗayar nan taki."

Shekara da shekaru 'yan kore ƙuri'a ɗaya tak suke samu a nan, kowa ya ce ta Zenzi ce. Ita kuwa ba ta taɓa zaɓensu ba. Ta zargi malamar makaranta, ta zargi limamin coci, ta gaji. Luis dai ba ya cikin zargi. Tun ranar da Irmgard ta ce a talabijin a janye wa manoma tallafin man dizal, bai ƙara yi mata magana ba har ya mutu.

Zenzi ta dangwala wa 'yan kore. Bana yarinya za ta ga biyu.

Da la'asar a gidan cin abinci Engelbert ya miƙe yana karanta sakamako.

"'Yan kore, ɗaya! Zenzi, ba kya gajiya?"

Wuri ya ɗauki dariya.

"Biyu dai," in ji ta.

"Ɗaya, Inna. Ko shanunki ma kin yi musu rajista?"

"Kai, Engelbert, na san ka tun kana fitsarin kwance. Sake dubawa."

"Mu huɗu muka duba."

Ta bi fuskoki da kallo. Ga malama can tana shan miya. Ga limami. Wa ya juya wa 'yarta baya a shekarar da ta fi bukata? Ko ita ce ta dangwala ba daidai ba?

"Wa ya bar garin tun wancan zaɓen?"

"Ba kowa. Kowa ya fito yau." Ya rage murya. "Luis kaɗai muka cire, Allah ya ji ƙansa."

Zenzi ta nemi kujera. Luis da ke daɗewa bayan labule, ya fito yana cewa ya manta tabarau. Luis da ke fin kowa dariya in ana tsokanarta. Tsohon banza! Ya bar ta tana karɓar godiyar da ba tata ba.

Tana shiga gida waya na ƙara.

"Mama, ba a gama ƙirga namu ba, amma na ga ɗayarki."

"Ta bana ce kaɗai tawa."

"Ban gane ba."

"Ni ma yanzu na gane. Ki hau jirgin ƙasan nan naku ranar Asabar. Ki taho da kyandir, babba. Akwai wanda za ki je makabarta ki yi wa godiya."